Ranar Da Aka Gwada Turarena a Holan

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Wadda ta zo sayen turare sai ta nemi tabarma, wadda ta zo barka da sauka sai ta kai la'asar, kuma duk tambayar ɗaya ce: "Hajja, yaya ƙasar take?" Na ba da labarin har muryata ta dishe, sannan na lura duk wadda ta fita sai ta ƙara masa gishiri. Jiya wata ta taso tun daga Roni ta zo yi mini jaje, wai ta ji an ce na ƙone bene a Turai. To ban ƙone komai ba. Ga yadda aka yi, na rubuta sau ɗaya, mai karatu ta karanta wa sauran.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Hajja Falmata. A Kazaure aka haife ni, amma iyayena daga Barno suka zo, kuma a hannun mahaifiyata na koyi haɗa turaren wuta. Na fi shekara talatin ina wannan sana'a. 'Yata ta uku, Yagana, ita ce karatun kimiyya ya kai ta Holan, tare da mijinta Kabiru, ɗan Roni, injiniya. Da ta haihu, haihuwar fari, ita ya kamata ta zo gida wanka. Aiki bai bari ba, sai aka ce ni in bi ta.

Da labari ya bazu, kowa ya kawo saƙo. Mahaifiyar Kabiru ta aiko da yaji da daddawa. Ƙanwata da ke aure a Babura ta aiko da kanwa ungurnu mai kyau, irin wadda mutanen Nijar ke kawowa. Malam, maigidana, ya sa aka surfa gero daga gonarsa ta Gwiwa, ya ƙara da kilishi. Ni kuma na zuba turare kwalba shida, da ƙaramin kasko, da gawayi. A motar da ta kai mu Kano turaren da daddawar suka yi ta kokawa a cikin but, har direba ya tsaya a Ɗambatta ya duba ko wani abu ne ya mutu a injin.

Jirgi ba baƙona ba ne, na je aikin Hajji. Amma jirgin alhazai duk naka ne, ana hira, ana miƙa goro. Wannan kuwa wani Bature aka ajiye mini a gefe, na gaishe shi, ya toshe kunnuwansa, bai sake motsi ba sai da muka sauka.

A bakin shiga ƙasar aka fara. Ina tura akwatina sai ga wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da 'yar riga kamar ma'aikaci. Ashe ma'aikacin ne. Ya zauna a gaban akwatin ya ƙura mini ido. Na tattare zanena na ce, "Kai, matsa can, da alwalata." Ko gezau. Wata doguwar ma'aikaciya ta yafito ni zuwa wani ɗaki, ta sa safar hannu, ta shiga fito da kaya. Kilishi ta ture gefe tana girgiza kai. Daddawa ta buɗe, ta ja da baya, ta kira abokin aikinta, shi ma ya shinshina ya ja da baya. Da ta zo kan kanwa sai fuskarta ta canza. Ni kuma Turancina bai wuce gaisuwa ba. Na ce "kunu", na kwatanta sha, na nuna ciki, na yi kamar ina jijjiga jariri. Na ga abin sai ƙara rikita ta yake yi. Sai na ɓantari kaɗan na lasa don ta gane ba guba ba ce, ai kuwa su biyun suka yo kaina a tare. Da ƙyar aka samu Yagana a waya ta yi musu bayani. Suka ɗiga wa kanwar wani ruwa, suka mayar mini da ita, da daddawar da turaren. Kilishi dai bai dawo ba, kuma har yau karen nake zargi.

Kabiru na jirana a waje. Yana ganina ya zube har ƙasa yana gaishe ni a tsakiyar Turawa. Wani dattijo ya zaci faɗuwa ya yi, ya rugo ya kama shi ta hammata zai ɗaga.

Gidansu hawa na uku ne, matattakalar kuwa ba ta da maraba da tsani. Babu tsakar gida, sai wata 'yar baranda da ba ta fi sallaya biyu ba. Ta taga ina kallon tsofaffi sa'o'ina suna tuƙa keke cikin ruwan sama, ko a jikinsu. Jaririyar mace ce, an yi mini takwara, muna kiranta Ummi. Na kuma tarar an riga ni: wata mata tana zuwa kullum, wai ma'aikaciyar jego ce, duk wadda ta haihu ana turo mata irinta har sati guda. Ita ta miƙo mini abincin barka, wani busasshen biskit da aka shafa wa man shanu aka barbaɗa masa 'yan ƙwayoyi fari da ruwan hoda. Ranar suna ma shi muka ci, muna kallon Malam a waya yana yanka rago a Kazaure, maƙwabta suna ɗaga mana tsire muna ɗaga musu biskit. 'Yan barka kuwa sai an sa musu lokaci, su zo a kan minti, su tashi kafin shayinsu ya huce. Ba wadda ta zo da yara biyar ta ce sai gobe.

Ranar da ma'aikaciyar ta gama kwanakinta na ce yau ɗakin mai jego zai san uwa ta zo. Da hantsi, Yagana ta shiga wanka, na hura gawayi a kan murhu, na zuba a kasko, na barbaɗa mai sandal ɗin nan da amare ke rububi. Na rufe ƙofa da taga yadda muke yi don ƙamshi ya kama labule, na ajiye kaskon kusa da gadon Ummi. Hayaƙi ya tashi gwanin sha'awa. Ban gama gyara zama ba wani farin faifai da ke manne a rufin ɗakin, ashe mai jin hayaƙi ne, ya fasa ihu. Na kaɗa masa mayafi, ya ƙara. Na ɗauko muciya na ƙwala masa, sai na falo ya amsa, na matattakala ya amsa, gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Na leƙa ta taga na ga maƙwabta sun cika titi, wani da karensa a hannu, wata da tawul a ka. Sai ga jar motar 'yan kwana-kwana. Ƙarti huɗu suka hawo da hulunan kwano, suka same ni a tsaye na ɓoye kasko a bayana, hayaƙi yana fitowa ta saman kafaɗata. Babbansu ya shaƙi iska, ya lumshe ido, ya ɗaga mini babban yatsa, sannan ya karɓe kaskon ya kai baranda.

Dariyar ta tsaya a nan. Yagana ta fito da kumfa a wuya ta suri Ummi, yarinyar tana wani ɗan tari ƙasa-ƙasa. Bayan kowa ya watse ta zauna a gabana ta ce, "Umma, don Allah kada ki ƙara kunna shi inda take."

Na ce, "Ku bakwai na raina a cikin hayaƙin nan. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Umma. Amma tarin nan naki shekara nawa ke nan? Yaya Modu kuma da abin shaƙar asma yake yawo a aljihu."

Modu shi ne babban ɗana. Maganar ta soke ni inda ban zata ba. Sana'ar uwata ce, da ita aka san ni daga Kazaure har Babura, yau 'yar da na haifa take ce mini sana'ar ce ta cuci ɗana. Kwana biyu ban ce mata komai ba sai "ga kunu", "miƙo ta". Na kira Kabiru gefe na ce ya nema mini jirgin komawa. Ya ce to, ya sunkuyar da kai, bai nema ba.

A rana ta uku wata abokiyar aikin Yagana ta zo barka, sunanta Marike, ni dai Mariya nake ce mata. Suna ta hira da Turanci, Kabiru yana ɗan fassara mini don kada in zauna kamar gunki. Sai ya ce, "Ta ce ta ciyar da yaran Yagana da safe, duk suna lafiya, har sun fara fitar da gashi."

Na dafe ƙirji. "Waɗanne yara?"

"Na wurin aiki, Umma. Sun kai ashirin da huɗu."

Yagana ta yi dariya har da hawaye, ta manta muna faɗa. Ta matso ta ce, "Umma, ba mutane ba ne. Kin ga hanyar da numfashi ke bi daga hanci zuwa huhu? Allah Ya shimfiɗa mata wata siririyar fata ta ƙwayoyin halitta, a jere kamar tubalin katanga, kowanne manne da na kusa da shi. Ita take tare datti da ƙwayoyin cuta kada su ratsa cikin jiki. A samanta akwai majina, da wasu 'yan gashi masu share majinar zuwa waje. Mu aikinmu mu ɗebo kaɗan daga hancin mutum, mu raine su a ɗan kofi har su gina katangar a can, sannan mu ga me yake rusa ta."

Na ce, "Kuma kin taɓa gwada turarena a kansu?"

"A'a."

"To da wane baki kike zarginsa? A gwada."

Aka fassara wa Mariya, idonta ya yi haske. Ta ce suna da ƙwayoyin da suka riga suka girma. Na ce ban yarda ba, hancin Bature bai saba ba, kowane ƙamshi ma kayar da shi zai yi. A ɗebi nawa.

Sai da Mariya ta nemi izinin shugabansu, aka kawo mini takarda shafi huɗu, Yagana ta karanta mini ita kaf kafin na sa hannu. Ita ban bar ta ta fita ba tunda ba ta yi arba'in ba, Kabiru ne ya kai ni. Abin hawansa keke ne mai akwatin katako a gaba, kamar baro. Na ce Allah Ya kiyaye. Ya ce tashar bas ta fi wurin aikin nisa. Haka na naɗe a cikin akwatin, gwiwa a haɓa, carbi a hannu, surukina yana tuƙa ni yana ba ni haƙuri a kowace kwana. Hoton da ya ɗauke ni a cikin akwatin yana wayarsa, na kuma gaya masa ranar da ya fita daga wayar zai ga ɗayar fuskata.

A ɗakin gwajin aka sa mini farar riga da safar hannu. Mariya ta buɗe wani akwati mai ɗumi kamar injin ƙyanƙyasar ƙwai, ta fito da faranti mai ramuka. A kowane rami akwai ɗan kofi kamar murfin kwalba, gindinsa rariya ce mai laushi. A ƙarƙashi wani ruwa ne ja kamar zoɓon da aka tsinka, shi ne abincinsu. Sama kuwa ba komai sai iska, wai sai sun ji iska a kansu suke gane cewa su na hanyar numfashi ne. Bayan kwana biyu-biyu ake canza musu zoɓon, ko ranar hutu ce. Na ce wannan ai ya fi kiwon kaji wahala.

Sannan ta zaunar da ni ta zaro wani siririn buroshi. Kabiru ya ce, "Ta ce ba zafi, ɗan susa ne kawai." Ta tura shi cikin hancina har na ji ya taɓo tunanina. Hawaye ya ɓalle, na yi atishawa bakwai a jere, Kabiru yana "Yarhamukillah" har ya gaji ya bari.

Sati biyar aka yi ana rainonsu. Ni ina gida ina dama kunu, ina gasa wa Ummi jiki, amma kullum sai na tambaya, "An ba su abinci?" A sati na huɗu aka ce in zo in gani. Mariya ta ɗora kofin a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, hoton ya fito a allo. Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Fili guda yana rawa, dubban 'yan gashi suna kaɗawa tare kamar gonar shinkafa in iska ta bi ta kanta, suna tura wani ɗan datti yana tafiya a hankali. Kabiru ya ce, "Umma, naki ne." Shekara sittin ba kaɗan suna mini shara dare da rana, ban taɓa sanin suna nan ba, balle in gode. Na ce, "Sannunku da aiki." Mariya ta tambaya me na ce, da aka gaya mata ta ce ita ma tana gaishe su in ba kowa.

Ranar gwaji ta faɗo bayan arba'in, don haka Yagana ta zo da kanta, Kabiru ya zauna da Ummi a gida. Ta nuna mini yadda ake auna katangar: wasu siraran ƙarafa biyu, ɗaya a cikin kofin, ɗaya a waje, sai a tura 'yar wutar lantarki. In tubalan suna manne sosai wutar ba ta samun hanya, sai lamba ta hau a na'ura. In sun saki, lambar ta sauka. Aka auna nawa, lambar ta hau sosai. Na dubi Yagana na gyara ɗaurin ɗankwali.

Ni na kunna turaren da hannuna, a cikin wani akwatin gilashi mai zuƙe iska. Aka raba kofunan uku: wasu aka bar su da iska zalla, wasu aka ba su hayaƙin gawayi kaɗai, don na riga na ce in an ga matsala to gawayin ne, sauran kuma aka ba su turaren sosai. Muka je muka ci burodi da cuku mai sanyi, abincin ranarsu ke nan kullum, muka yi sallah, muka jira.

Da aka dawo aka auna, na iska suna nan yadda suke. Na gawayi sun ɗan sauka. Na turare kuwa lambar ta faɗo ƙasa warwas. Na ce na'urar ce ta gaji, a sake. Aka sake. Aka ɗora su a allo, gonar nan da ke rawa ta yi lakwas, nan da can kawai ake ɗan motsi kamar waɗanda suka kwana da zazzaɓi. Na zauna a kujera. Ba kunyar an kayar da ni ce ta kama ni ba. Modu na tuna, yana ɗan wata uku, ina rufe ɗaki da shi a ciki don kayansa su yi ƙamshi.

Yagana ba ta ce "na gaya miki" ba. Ta durƙusa ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, ba wanda ya sani a lokacin. Kuma ban ce shi ya jawo wa Yaya asma ba, wannan ba wanda zai iya rantsewa." Mariya ma ta sa aka gaya mini cewa kofi shida na mutum ɗaya ba su isa a yanke hukunci ba, kuma hayaƙin da aka ba su ya fi na ɗaki kauri. Ta ce in dawo jibi.

Jibi na dawo. An bar su sun huta a iska mai kyau, an ba su zoɓonsu. Lambar ta fara hawa. Ba ta kai inda take da ba, amma tana hawa, 'yan gashin kuma sun koma bakin aiki. Yagana ta ce, "Kin gani, suna gyara katangar da kansu, in dai an ba su sarari."

A ranar da yamma na fitar da kasko baranda. Babu kabbasa, kwandon turara kaya, a Holan, sai na kifa kwandon wanki a kansa, na baza rigunan Yagana da zanen gado, na ja ƙofar gilashi na rufe, hayaƙi a waje, mu a ciki. Da suka sha iska na shigo da su. Yagana ta ɗauki riga ɗaya ta tusa fuskarta a ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta ce, "Shekara huɗu ina neman wannan ƙamshin, Umma." Matar da ta fito titi da tawul a ka ta ƙwanƙwasa ƙofa washegari, na zaci ƙara ta kawo, ashe tambaya take ko zan turara mata labule.

Ana gobe zan taho Mariya ta ce akwai ragowar ƙwayoyina da ba a yi amfani da su ba, ko na yarda a daskarar da su a wata tukunya mai tsananin sanyi, su yi shekaru, duk ranar da aka buƙata a tashe su. Na ce a ajiye, in dai za su yi wa wani amfani.

Yanzu a tsakar gida nake haɗa turare, ba a ɗaki ba, na kuma je asibiti an duba tarin, ana ba ni magani. Duk wadda ta sayi kwalba ina gaya mata ta turara kaya a waje, kada ta rufe ɗaki da jariri. Wasu suna ji, wasu suna cewa Hajja ta je Turai ta dawo da iyayi. Su ma ina sayar musu, ina kuma maimaitawa.

Malam ne kawai labarin tukunyar ya tsaya masa a rai. Da na gaya masa ya ajiye cokali ya dube ni.

"Wato ba duka kika dawo ba?"

Na ce, "Ɗan kaɗan ne, Malam, ko ƙwayar gero bai kai ba."

"Kuma a cikin sanyi?"

"Ba sa ji."

Ya ci loma biyu. Can ya ce in ba shi waya. Ya kira Kabiru, suka gaisa, ya tambayi Ummi, sannan ya gyara murya ya ce, "Kabiru, akwai amanar iyalina a wurin aikin matarka. Ka riƙa leƙawa."

Na ji Kabiru daga can ya ce, "Insha Allahu, Baba." Kuma Yagana ta ce mini yana leƙawar.